Wayar da Aka Ja a Dogon Marke

A shekarar da masu sayar da katin waya suka fara kafa lema a kowace kwana ta Azare, a shekarar ne Meram ta dawo gida da labarin da ya sa mahaifinta ya ajiye allura ya ɗaga hannu sama. Malam Kashim ɗinkin hula yake yi a bakin kasuwa. Tun yana saurayi ya biyo kawunsa daga ƙasar Borno, ya zauna, ya yi aure, ya haifi 'ya'yansa duka a nan. Meram ce ta fari, kuma ita ce ta fara shiga jami'a a gidan.

Labarin kuwa shi ne wata ƙungiya mai suna Gidauniyar Tsani ta zaɓe ta. Aikin gidauniyar shi ne ta bi jami'o'i ta tsamo ɗaliban da ke shirin gamawa, waɗanda ke da niyyar aikin gwamnati, ta horar da su a Kaduna kan yadda ake tsara manufa da yadda ake aiwatar da ita. Daga nan sai a danƙa kowa a hannun wani gogaggen ma'aikaci ya yi shekara guda yana koyo. Akwai kuma alkawari tsakanin gidauniyar da jihohi cewa duk wanda ya gama lafiya za a ɗauke shi aiki. Meram ta gama bautar ƙasa, ta yi horon Kaduna, sai aka ce an tura ta garinsu, ofishin tsara ƙasar noma da kiwo, ƙarƙashin darakta Alhaji Jumare.

Da Malam Kashim ya ji sunan, sai ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Alhaji Jumare mutuminsa ne. Shekara da shekaru a wurinsa yake sayen hula, kuma ba ya saye ya tafi, sai ya zauna a benci sun taɓa hira, ya tambayi labarin Borno da na yara.

Alhaji Jumare dogo ne, mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya ɗaga ta a ofis ba. Tun ranar farko ya ce wa Meram ta ɗauke shi uba, kuma bai tsaya a faɗa ba. Shi ya koya mata yadda ake rubuta wa na sama takarda ta yadda ba zai iya ture ta gefe ba. Shi ya nuna mata wanda ake fara gaisarwa a taro, da lokacin da shiru ya fi magana amfani. In ta yi kuskure ba ya kunyata ta gaban mutane, sai an watse ya kira ta ya gyara mata da jan biro. Yakan ce mata gwamnati kurma ce, ba ta jin kuka sai an rubuta mata shi. Meram takan koma gida ta maimaita wa mahaifiyarta, Ya Gana, maganganunsa kamar mai bitar karatu.

Bayan damina ta ja baya ya kira ta ya ba ta aikinta na gaske. Akwai wata fadama gaba da garin Katagum, ana ce mata Dogon Marke. Duk kaka sai an zubar da jini a can tsakanin manoma da makiyaya, saboda burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa ya ɓace cikin gonaki. Ma'aikatan da aka tura a baya duk an koro su, ba wanda ya yarda ya yi musu magana. Ya ce abin da yake so shi ne a gano inda burtalin yake tun asali, da inda mashayar take, a shata su, a kai Bauchi a sa su cikin doka, kowa ya san iyakarsa.

"In kika yi wannan, 'yata, kin yi abin da mu muka kasa," in ji shi.

Meram ta tattara kayanta ta shiga motar Katagum. Ta sauka a gidan Larai, wata ƙawarta ta makarantar kwana da ke koyarwa a garin. Kullum da safe sai ta hau babur ɗin haya zuwa fadama, ta dawo da yamma ƙafafunta duk taɓo.

Da farko ba ta samu fuska ba. Manoma suna ganinta da jaka a kafaɗa sai su sunkuya su ci gaba da aiki. A ruga kuwa, Arɗo Bappayo, shugaban makiyayan wurin, wani dattijo siriri mai farin gemu, ya amsa gaisuwarta ya sa aka kawo mata nono, amma da ta taɓo zancen burtali sai ya ce shi bai san komai ba, ta tambayi masu gari. Abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne harshe. Meram ta tashi a unguwar da maƙwabtansu Fulani ne, ta iya Fulatanci fiye da yadda ta iya Barbarci, harshen mahaifinta. Sai ta daina zuwa wurin maza, ta riƙa zama da mata suna kaɗa nono, tana riƙe musu yara, tana jin abin da ke damunsu. Ta ji labarin ɗan da aka sara a kafaɗa bara, da saniyar da aka kashe da ciki. Ta je ɓangaren manoma ta ji nasu, na gonar wake da aka cinye a yini guda ana gab da girbi. Ba ta rubuta komai a gabansu ba sai da suka ce ta rubuta.

Wata rana Arɗo ya aiko a kira ta. Da ta zo ya tambaye ta.

"Malama, abin da za mu nuna miki, hannun wa zai shiga?"

"Hannun mutumin da na yarda da shi kamar mahaifina, Arɗo. Ba zai bari a cuce ku ba."

Ya ce to, Allah ya sa. Washegari ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, tana biye. Ya nuna mata burtalin tun daga inda ya faro, ya nuna mata itatuwan da kakanninsu suka bari a matsayin alama. Daga ƙarshe ya kai ta can ƙuryar fadamar, bayan wani surƙuƙi, inda wani tafki yake kwance a inuwar marke. Ya ce ko bazara ta kai yaya wannan ruwan ba ya ƙafewa, ƙasan wurin idon ruwa ne, kuma da gangan ba sa kai baƙo wurin. Da manoma suka ga Arɗo ya saki jiki, su ma suka saki. Kowa ya zagaya da ita gonarsa, ya gaya mata daga wa ya gada. Ta tambaya ko akwai mai takardar mallaka, suka yi dariya, suka ce takardarsu ita ce kabarin iyayensu da ke can kan tudu.

Kafin a gama girbi ta yi abin da ba a taɓa yi ba, ta zaunar da ɓangarorin biyu a tabarma ɗaya. An yi musu, an tashi tsaye, an sake zama, amma a ƙarshe manoma suka yarda su ja baya daga burtali, makiyaya suka yarda ba za su shigo ba sai an kwashe amfani. Aka shafa fatiha. Meram ta dawo Azare ta haɗa rahotonta da taswira, ba ta bar ko lungu ɗaya na fadamar ba.

Alhaji Jumare ya karanta a gabanta, shafi bayan shafi, yana gyaɗa kai. Ya ce a duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin rahoto irin wannan ba, kuma shi da kansa zai kai Bauchi. Daga nan ya ce ta wahala, ta huta da ƙauye, ya tura ta Misau ta taimaka wajen shirya wani taron horar da malaman gona. Aka gama wannan ya sake ba ta wani. Duk lokacin da ta tambayi labarin Dogon Marke sai ya yi murmushi, ya ce aikin gwamnati tafiyar hawainiya yake yi, ta yi haƙuri, magana tana kan teburin manya. Ita kuwa ba ta da dalilin yin shakka.

Cikin bazara Larai ta haihu. Meram ta je Katagum suna, da aka watse ta ga rana da saura, sai ta sayi sukari da sabulu ta ce bari ta leƙa ruga ta gaida mutanenta. Tun daga nesa ta ga abin da ba ta gane ba. Surƙuƙin nan babu shi, an share. Turakun siminti ne a jere, an ja musu waya mai ƙaya, ta ratsa burtalin ta wuce, ta zagaye tafkin da gonakin da ke kewaye da shi. Wata tarakta tana kai da komo a ciki, injin ban ruwa yana ta ƙara a bakin tafkin. A wajen wayar kuwa shanu ne tsaitsaye cikin rana, haƙarƙarinsu a waje, suna kallon ruwan.

Ta ce wa mai babur ya tsaya. A inuwar marken nan ta hango motar ofishinsu. Kusa da ita Alhaji Jumare ne da wasu mutum biyu cikin manyan riguna, yana nuna musu gabas da yamma da hannu. Ya juyo ya gan ta. Bai razana ba, bai ɓoye fuska ba. Ya ɗago mata hannu kamar sun haɗu a hanyar masallaci, ya ci gaba da bayaninsa.

Ta wuce ruga da ƙafa. Matan da take kaɗa nono da su suka gan ta, kowace ta shige bukkarta. Ta yi sallama ba wanda ya amsa. Sai Arɗo Bappayo ne ya fito, ya tsaya nesa da ita kaɗan, ya dogara da sandarsa. Ya ce mata masu wayar sun zo ne da 'yan sanda, da takarda mai hatimi, suka ce ƙasar ta gwamnati ce tunda ba mai shaidar mallaka, an ba wani kamfani ya noma shinkafa. Ya ce ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi tafkin, riƙe da zanen da ta yi.

"Shekara nawa suna neman ruwan nan ba su gan shi ba," in ji shi. "Ni na kama hannunki na kai ki."

Meram ta buɗe baki za ta rantse, sai ta ga rantsuwar ba za ta buɗe waya ba. Ta ajiye ledar sukarin a ƙasa. Ya ce ta ɗauki kayanta, sun gode.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Alhaji Jumare ba tare da ta jira an yi mata iso ba. Ya ce ta zauna, ta ƙi. Ya cire tabarau ya yi mata bayani da muryar nan tasa mai sanyi, irin wadda yake gyara mata rubutu da ita. Ya ce manya sun daɗe da sa ido a kan fadamar, shinkafa za ta ciyar da dubban mutane, kuma ci gaba ba ya zuwa sai wani ya matsa. Ya ce ko shi bai yi ba wani zai yi. Ta tambaye shi ko yana da kaso a kamfanin, ya ce wannan ba tambayar da ƙaramin ma'aikaci ke yi ba ce. Sai ta tambaye shi abin da ya hana ta barci, ko tun ranar da ya tura ta ya san abin da za a yi da aikinta.

"Ni na roƙi gidauniya ta ba ni ke," ya ce. "Na san kin iya Fulatanci tun kina yarinya, kuma mace ce ke, ba za su ji tsoronki ba. Kin yi aiki mai kyau, Meram. Kujerarki tana nan tana jiranki. Kada ki zubar da ita saboda shanun wani."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe. Abin da ya fi ƙona mata rai ba wayar ba ce. Ta riƙa tuna kowace safiya da ya zaunar da ita yana koya mata aiki, tana neman inda gaskiyar ta ƙare ƙaryar ta fara, ta kasa samu.

Da shekarar ta zo ƙarshe, gidauniya ta tara ɗalibanta a Kaduna kowa ya ba da labarin abin da ya yi. Meram ta nemi ganin shugabar shirin, Hajiya Khaulat, ita kaɗai, ta zayyana mata komai. Hajiya Khaulat ta saurara da gaske, har ta cire gilashi ta goge ido. Ta ce abin bai yi daɗi ba, za ta bincika. Binciken nata kuwa shi ne ta buga wa Alhaji Jumare waya. Da yamma ta kira Meram ta ce ta ji ta bakin darakta, magana ce ta manufar gwamnati, gidauniya ba ta da hurumin shiga, kuma in suka ɓata da jihar, ɗaliban baɗi ne za su rasa wurin zuwa. Washegari a wajen rufe taro aka kira sunayen iyayen gidan da suka fi kula da ɗalibansu, har da na Alhaji Jumare. Aka tafa. Meram tana zaune a layi na biyu, hannuwanta a cinya.

Bayan ta dawo aka kira ta gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata. Ta amsa duk abin da aka tambaye ta, har shugaban kwamitin ya ce madalla. Sai wani daga gefe ya gyara zama ya ce an jawo hankalinsu kan wata magana, wai mahaifinta ba ɗan jihar ba ne. Ya faɗi sunan ƙauyen da aka haifi Malam Kashim, ƙauyen da ko Meram sau ɗaya ta taɓa zuwa, da sunan kawun da ya kawo shi. Ta ce a Azare aka haife ta, a nan ta yi firamare, da shaidar zama 'yar jihar nan ta shiga jami'a ba wanda ya ce uffan. Suka ce gurbin na 'yan asalin jiha ne, ta gwada can Borno. Tana fitowa ta san mutum ɗaya ne a duk ma'aikatar ya san sunan ƙauyen nan, a kan bencin mahaifinta ya ji shi.

Malam Kashim bai yarda ba da ta gaya masa. Ya ce ba a yi wa mutum zato haka, akwai dai rashin fahimta. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi gidan Alhaji Jumare. Aka bar shi a zaure tun bayan la'asar har rana ta yi ja. Da maigidan ya fito ya rungume shi, ya yi masa faɗan me ya sa bai aiko ba, ya ce wallahi abin ya fi ƙarfinsa, doka ce, amma yarinya ma ta cika gaggawa. Ya rako shi har bakin titi.

Da Malam Kashim ya dawo gida ya ci abinci. Sannan ya dubi Ya Gana ya ce, "A garin nan na binne kawuna, a nan na binne 'ya'yana biyu. Yau aka tuna mini ni baƙo ne." Bai ƙara tayar da zancen ba, amma daga ranar ya ɗauke bencin da ke gaban rumfarsa ya shigar da shi ciki.

Meram ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin gari. Mutanen Dogon Marke kuwa, kafin ruwan farko ya sauka makiyayan sun tashi sun nufi wajen Yobe. Manoman da aka cinye gonakinsu wasu suka bar garin, wasu suka koma 'yan ƙodago a gonar shinkafar. Ta rubuta ƙorafi zuwa Bauchi yadda aka koya mata, ta yadda ba za a iya ture shi gefe ba, aka ture shi. Sau ɗaya ta ji an ce Arɗo Bappayo yakan zo kasuwar Gamawa, ta shiga mota ta je ta same shi a kara, inda ake cinikin shanu. Ta gaya masa duk abin da ya faru, har da aikin da ta rasa. Ya ce labari ya iske shi. Ya ce ya yarda ba da saninta aka yi ba, kuma ya yafe mata, sai dai shanunsa fiye da goma sun mutu a hanya, rashin sani bai shayar da su ba. Ya yi mata addu'a ya juya wajen cinikinsa.

Shekara ta zagayo, wata rana da yamma tana gyaran jarrabawar ɗalibai a tsakar gida aka ce ana sallama da ita. Wani saurayi ne mai fara'a, sanye da riga mai tambarin Gidauniyar Tsani. Ya ce sunansa Uzairu, sabon ɗalibin da aka turo ofishin Alhaji Jumare, kuma a Kaduna aka ce masa akwai tsohuwar ɗaliba a garin, shi ya sa ya zo neman shawara. Za a tura shi wata fadama wajen Sakwa ya tattauna da mutane.

Meram ta sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna ta gaya masa komai daga farko har ƙarshe, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya saurara cikin ladabi, kansa a ƙasa. Da ta gama ya ce ya gode ƙwarai. Ya ce gaskiya Alhaji ya riga ya gaya masa zai iya jin irin wannan daga bakinta, ya ce kuma kada ya ga laifinta, yarinya ce mai ƙoƙari wadda rashin samun aiki ya ɓata wa rai, har yanzu yana yi mata addu'a.

Ta dube shi. Fuskarsa cike take da tausayinta.

Ta ce masa to, in ya je, duk wanda ya ce zai nuna masa wani abu, ya fara gaya masa labarin Dogon Marke tukuna, sannan ya bar shi ya zaɓa. Uzairu ya ce in Allah ya yarda, da irin muryar da ake amsa wa mara lafiya. Ya sa takalmansa, ya yi sallama, ya tafi da sauri don Alhaji ya ce ya biyo ta gidansa su ci abinci tare.